Aikin da Ɗauri-Ɗaya Ya Kwance

Ɗauri-Ɗaya ake ce masa, kuma sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Mai gyaran famfo ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, wuyansa ya ɗan karkace saboda yawan cusa kai ƙarƙashin sinkin mutane. Jakar aikinsa ta fata ce wadda ta yi baƙi da maiko, a ciki akwai sifana, filaya, sukudireba, ƙaramar guduma, tocila da wani busasshen tsumma. Da wannan tsumman yake rufe kowane aiki. In ya gama haɗa bututu sai ya goge mahaɗar, ya duba tsumman, in bai ga danshi ba ya miƙe ya ce, "Na ɗaure." Daga nan ba ya ƙara taɓa wurin.

In aka sake kiransa aka ce ruwa na zuba, zai zo, ba ya ƙi. Zai duba sama, ya duba ƙasa, ya hau kan rufi, ya leƙa tanki, amma inda ya ɗaure ko kallo ba ya yi. Abin da ya ɓata shi kuwa shi ne, sau tari shi ke da gaskiya. Sai a tarar ɓera ne ya ci roba, ko yara sun tura cokali a rariya. Mutum in ya daɗe yana da gaskiya, kunnensa kan yi nauyi.

Ya samo halin nan ne tun yana koyon aiki. Maigidansa na lokacin mutum ne mai son wulaƙanta na ƙasa da shi a gaban masu gida. Ko aiki ya yi kyau sai ya ce, "Kwance ka sake," don dai a san shi ne babba. Ɗauri-Ɗaya ya kwance aikin da ba shi da aibi har ya gaji. Ran da ya sami 'yancin kansa ya ƙudura a ransa cewa babu mahaluƙin da zai ƙara ce masa ya kwance.

Shi da matarsa suna zaune a saman wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo da ɗan siririn kicin wanda mutum biyu ba sa gilma juna a ciki sai ɗaya ya tsuke ciki. A ƙasa akwai shagon Tela, abokin tsokanarsa. 'Ya'yansu duk sun watse neman abinci, sai ƙaramarsu, Auta, ita ce ta yi aure a cikin gari. Matar ba mai yawan magana ba ce. Shi yake kiranta Maman Auta, ita kuma ta ce masa Malam. Sinkin da take wanke-wanke a kai shi ya ɗora shi da hannunsa tun suna da ƙuruciya, kuma ya ɗan yi mata tsawo, amma ba ta taɓa faɗa ba.

Da girma ya fara kama ta, yatsunta suka soma kumbura a gaɓoɓi. Da safe sai ta daɗe tana murza su kafin su buɗe. Ruwan sanyi kuwa kamar ana soka mata allura. Auta ce ta lura. Ita da mijinta, wanda direban motar wani kamfani ne, suka sayo wa tsohuwar injin wanke kwanuka, fari sol, aka hau da shi bene ana nishi.

Surukin ya ce cikin ladabi, "Baba, masu shagon sun ce za su turo mutuminsu ya haɗa."

Ɗauri-Ɗaya ya dube shi. "A gidana?"

"A'a Baba, ai ni cewa na yi..."

"Lokacin da na fara haɗa bututu, uban mutumin nasu ko wando bai iya ɗaurawa ba. Ka ce musu an gode."

Gaskiyar magana, bai taɓa haɗa irin wannan injin ba. Lokacin ba su yawaita ba. Ɗan littafin bayanin da ya zo tare da injin, ya juya shi sau biyu ya ajiye a kan firij. Ruwa dai ruwa ne, in ya shiga dole ya fita. Ya je kasuwa ya sayo sabuwar gwiwar bututu ta ƙarƙashin sinki, irin mai ɗan hanci a gefe inda ake cusa tiyon da ke fitar da ruwan datti daga injin. Ya cusa tiyon, ya matse shi da zoben ƙarfe, ya goge da tsumma. Ya ce ya ɗaure.

Aka tara mutane don a gwada. Akwai Auta da mijinta, da yayar mijin wadda ta biyo su ganin ƙwaf. Aka ci abinci, Maman Auta ta jera kwanukan a ciki da hannunta tana murmushi kamar yarinya. Injin ya ja ruwa, ya yi ta watsawa a cikinsa, kowa ya yi shiru yana saurare. Can sai ya fara gurnani, ya yi ƙara ya tsaya. Da aka buɗe, ruwan datti na nan kwance a gindinsa, maiko na yawo a kai.

Duk idanu suka koma kan Ɗauri-Ɗaya. Ya ji zafin kallon a ƙeyarsa. Ya sa hannu ya zaro matacin injin, ya ga 'yan ƙwayoyin shinkafa da guntun ƙashi, sai ya ɗaga sama yadda kowa zai gani.

Ya ce, "To ga shi. Inji ne ko akuya, da za ki ɗura masa ragowar abinci? Ai kun yi asara, yara. Kun sayo kayan zamani kun miƙa wa wadda ba ta san kansa ba. Wannan ku bar ta da soso da bokiti, su ta gada."

Yayar surukin ta tuntsire da dariya har da tafi. Surukin ya sunkuyar da kai. Maman Auta ma ta yi dariya, 'yar gajeriya. Sannan ta ɗauko kofi, ta durƙusa, ta kwashe ruwan nan kaf ta zuba a sinki, ta goge cikin injin da tawul.

Ɗauri-Ɗaya ya wanke matacin ya sake gwadawa washegari, ruwan ya sake tsayawa. Sai ya yanke hukunci cewa abin da ta zuba ya riga ya lalata famfon cikin injin. Auta ta so ta kira masu shagon, uwar ta hana.

Ta ce, "Babanki ya ce ya ɗaure. Kina so a turo yaro ya kwance masa aiki a gaban Tela? Bar shi kawai."

Haka injin ya zama kabad. A ciki take ajiye murafan tukwane da ledoji. Ita kuma ta koma bakin sinki.

Shekaru suka tura. Injinan nan suka cika gari, Ɗauri-Ɗaya ya haɗa su a gidaje da dama, ya zama gwani a kansu. A nan ya gane cewa ɗan hancin nan na gefen gwiwa a toshe yake zuwa daga masana'anta. Akwai wani siririn matoshi na roba a cikinsa, don kada ruwan sinki ya tsiyaye a gidan da ba su da inji. Sai an fasa shi an cire kafin a cusa tiyo. Ya fasa su da yawa a gidajen mutane. Wata rana yana cikin fasa wani, tunanin nasa na gida ya gilma masa. Ya tsaya da guduma a hannu. Sai ya ce wa kansa ai ba zai yiwu a ce bai cire ba, shi da ko makaho ya san aikinsa. Ya ci gaba da bugu.

Ba za a ce bai damu da ita ba. Yana ganin yadda take tallafe faranti tsakanin wuyan hannu da ƙirji tana gogawa da ɗaya hannun. Da farantan tangaran suka fara suɓuce mata suna fashewa, ya sayo na roba. Da ta ce ruwan sanyi na cinta, ya saka mata ɗan injin ɗumama ruwa a bango. Ya sayo man zafi iri-iri. Komai ya yi, sai abu ɗaya, wanda durƙusawa kawai yake buƙata.

Wata safiya tana sauke tukunyar tafasasshen ruwa, yatsun suka saki. Ruwan ya zube mata a ƙafa. Auta ta zo ta kai ta asibiti, daga asibiti kuma ta wuce da ita gidanta. Da Ɗauri-Ɗaya ya je ya ce yaushe za a mayar masa da matarsa, Auta ta fito da shi baranda ta ja ƙofa.

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma Mama ba za ta koma ta tsaya a bakin sinkin nan ba."

"Ni zan riƙa wankewa."

"Kai? Baba, kofin shayinka ma a ƙarƙashin kujera ake tsinto shi."

"To a samo mai aiki."

"An samo sau nawa? Kai kake korarsu, ka ce suna murɗe maka kan famfo da ƙarfi."

Ya koma gida shi kaɗai.

Gidan ya yi masa faɗi. Ya saba in ya dawo ya tarar da ƙarar kwanuka a kicin da rediyonta na magana ƙasa-ƙasa. Yanzu sai ƙarar keken Tela daga ƙasa. Abin da yake so a duniya ɗaya ne, ta dawo, amma bai san ta inda zai kama zancen ba. Ya riƙa dafa abin da ya iya, ya tara kwanuka har su cika, sannan ya wanke a gurguje. Ragowar mai da miya duk a sinki yake juyewa, abin da ya shekara yana yi wa matan mutane faɗa a kai. Ba a daɗe ba sinkin ya toshe. Ruwa ya tsaya cak, yana wari.

Ya zuba ruwan zafi, bai wuce ba. Ya danna da robar buɗe rariya, bai wuce ba. Ba yadda za a yi sai an sauke gwiwar an wanke ta, kuma gwiwar ba ta saukuwa sai an zare tiyon injin da ke maƙale a gefenta.

Da hantsi ya ɗauko jakarsa. Ya kwashe kayan da ke ƙarƙashin sinkin, garin sabulu, tsoffin soso, kwalaben da ta ce za su yi amfani wata rana. Ya shimfiɗa kwali, ya tura bokiti, ya durƙusa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya cusa kai, ya kama tocila da haƙori. Zoben ƙarfen na nan yadda ya bar shi, ya ɗan yi tsatsa, a matse tsam. Aiki mai kyau. Ya sa sukudireba ya sassauta shi, ya murɗa tiyon hagu da dama har ya fito.

Bakin tiyon cike yake da wani baƙin abu da ya bushe ya daskare. Ya haska cikin ɗan hancin. Fari fat, kamar yau aka sayo shi. Ko ɗigon datti bai taɓa ratsa shi ba. Ya tura ɗan yatsa, yatsan ya tokare da bango.

Ya daɗe a haka, kansa a cikin kabad, tocila a baki, yatsa a kan matoshin. Ƙafarsa ta yi sanyi bai motsa ba.

Daga baya ya sauke gwiwar, ruwan datti ya kwarara cikin bokiti. Ya fito da ita ya ɗora a ƙasa, ya kafa sukudireba a kan matoshin ya buga da guduma. Bugu biyu ya faɗo. Ɗan abu ne, bai kai marfin kwalba nauyi ba.

Bugun ne ya hauro da Tela, da tef ɗin awo a wuya. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin ya ga gwiwa a ƙasa, tiyo a waje.

Ya ce, "Ikon Allah. Yau rana ta yamma ta fito ne? Ɗauri-Ɗaya na kwance aikin Ɗauri-Ɗaya. Bari in sauka in kira mai hoto."

"Koma ka ɗinke wandon da ka yanka gajere."

"Ni ai in na yanka gajere nakan ce yayi ne. Kai me za ka ce?"

Ɗauri-Ɗaya ya buɗe tafin hannunsa ya nuna masa matoshin. Tela ya leƙa, ya dubi injin, ya dubi abokinsa. Bai san aikin famfo ba, amma ya san fuskar mutum. Ya cire tef ɗin daga wuya ya naɗe.

Ya ce, "Me zan riƙe maka?"

"Tocila."

Suka yi aikin tare, ba hira. Ɗauri-Ɗaya ya wanke gwiwar ya fitar da daskararren maiko. Ya kai tiyon banɗaki ya jiƙa shi a ruwan zafi, ya zura waya ya yi ta sakata har ruwa ya riƙa fita garau. Ya mayar da gwiwar, ya ɗaga tiyon ya rataye shi can sama a jikin katakon kabad kafin ya sauko da bakinsa kan ɗan hancin, don kada ruwan sinki ya riƙa komawa cikin injin. Ya kwashe murafai da ledoji, ya zaro matacin, ya sa yatsa ya juya 'yar fankar famfon da ta ƙage saboda zama, har ta saki. Sannan ya jera kwanukansa ya kunna.

Suka zauna a ƙasa, tsofaffi biyu, suna kallon farin akwati. Ya ja ruwa, ya watsa, ya yi shiru. Sai suka ji ruwa na gangarawa ta cikin bututu, ƙul-ƙul-ƙul, ya wuce abinsa. Injin lafiyarsa ƙalau. Bai taɓa lalacewa ba.

Da la'asar ya yi wanka ya sa riga mai kyau ya tafi gidan Auta. Ya tarar da Maman Auta a falo, ƙafar a kan matashi, an naɗe ta da bandeji. Suka gaisa. Ya tambayi ƙafa, ta ce da sauƙi. Ta tambaye shi ko yana cin abinci, ya ce yana ci.

Ya ce, "Injin nan ya tashi."

"Wane inji?"

"Na kwanuka. Na gyara. Yana wankewa, yana zubar da ruwansa. Sai dai ki jera ki danna kawai."

Ta dube shi. "Me ya same shi, da ma?"

A bakinsa akwai amsa mai sauƙi. Ɗan datti ne, tsufa ne, kayan zamani ne. Da ya faɗi haka da ta karɓa, kamar yadda ta saba karɓa. Ya haɗiye. Ya gaya mata yadda abin yake, da hanci, da matoshi, da yadda ya cusa tiyo a kan toshewar da bai cire ba.

Ta ce, "Ba shinkafata ba ce ke nan."

"Ba ita ba ce."

"Ba ƙashin ba."

"Ko dutse kika saka ko ba ki saka ba, ruwan ba shi da hanya. Ni ne."

Ta kalli bandejin. Can ta ce, ba da faɗa ba, "A gaban mutane ka faɗa, Malam."

Ya miƙe ya leƙa tsakar gida inda surukin ke wanke mota, ya kira shi, ya kira Auta daga kicin. Suka zo suka tsaya. Ya maimaita musu duka, a tsaye, hularsa a hannu. Surukin ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya ce, "Haba Baba, wallahi ni na ma manta da wannan maganar."

Maman Auta ta ce, "Kai ka manta, ɗan nan." Ta juya ga mijinta. "Yayarsa ba ta manta ba. Har ta bar duniya, in mun haɗu a taro sai ta ce, ina mai ba inji abinci? Mata su yi dariya, ni ma in yi."

Wannan bai taɓa sani ba. Auta ta juya ta koma kicin da sauri, surukin ya bi bayanta.

Ɗauri-Ɗaya ya zauna a bakin kujera. Ya ce, "To yanzu ai ya gyaru. Ki dawo ɗakinki. Ba za ki ƙara taɓa soso ba."

Ta ɗago hannuwanta daga cikin mayafi ta ɗora a cinya. Ya daɗe bai dube su da kyau ba. Yatsun sun lanƙwashe zuwa gefe guda, gaɓoɓin sun yi ƙulu-ƙulu, babban yatsan ya shige ciki. Ta yi ƙoƙarin buɗe su, suka tsaya a rabi.

Ta ce, "Ƙofar injin nan sai an ja ta da ƙarfi. Da me zan ja? Cokali ma Auta ke naɗa mini tsumma a jikinsa kafin in riƙe. Ga bene, ga ƙafa. Da lokacin nan ne, da na ji daɗinsa. Na so abin nan, Malam. Ban taɓa gaya maka ba, amma na so shi."

"Ki yafe mini."

"Na yafe tun ba ka roƙa ba. Ai ba riƙo ne ya zaunar da ni a nan ba."

Ya ce, "Sai yaushe ke nan?"

"Ka bar wannan tambayar. Gobe in za ka zo, ka taho mini da kayan sawata. Na gaji da sa zannuwan Auta, duk sun yi mini yarinta."

Washegari ya buɗe kabad ɗin ɗakinsu. Bai san wanne take so ba, wanne ta daina sawa, wanne na fita ne, wanne na zaman gida. Ya kira Auta a waya, ta ce ya kwaso duka kawai, su za su tantance. Ya ninke su yadda ya iya, ya cika akwati da jaka biyu. Tela ya kama masa akwatin suka sauko da shi a hankali, suna hutawa a kowace kwana. Surukin na jira a ƙasa da mota, ya buɗe bayan motar, ya karɓa da hannu biyu.

Ya ce, "Baba, shiga gaba."

Ɗauri-Ɗaya ya ce su yi gaba, zai biyo su da ƙafa in rana ta yi sanyi. Ya tsaya a bakin shagon Tela har motar ta sha kwana, sannan ya kama ƙarfen bene ya fara hawa.